YADDA ZA KI RABA YARONKI DA ROBAR TSOTSO LOKACIN BARCI

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wata 'yar ƙaramar aba da kan zama babbar matsala a gida, wato robar tsotso. Ita ce 'yar robar nan mai kama da kan nono, wadda ake sa wa jariri a baki don ya yi shiru ko ya yi barci, alhali babu abin da ke fitowa daga cikinta. A da ba kasafai ake ganinta a gidajenmu ba, amma yanzu ana sayar da ita a kemis da kantunan kayan jarirai, har a cikin kayan barka akan haɗa da ita.

Tambayar da iyaye mata ke yawan yi mana a wurin awo da wurin rigakafi ita ce: yaro ya shekara biyu, ba ya barci sai da roba a baki, an ƙwace ya yi ta kuka har tsakar dare, dole aka mayar masa, to yaya za a yi? Amsar a taƙaice ita ce, wannan ba ciwo ba ne, sabo ne. Yaronki hanya ɗaya tak ya koya ta shiga barci, ita ce tsotso. Aikinki shi ne ki koya masa wata hanyar tukuna, sannan ki ɗauke robar, kuma idan kin ɗauke kada ki mayar. Duk abin da za mu faɗa a kan yaro, haka yake a kan yarinya.

ME YA SA YARO KE SON ROBAR?

Tsotso halitta ce. Jariri yana fara tsotso tun yana cikin mahaifa, har akan ga wasu suna tsotsar yatsa a hoton ciki. Tsotso iri biyu ne: akwai na neman abinci, akwai kuma na neman natsuwa. Na biyun shi ne wanda yaro ke yi bayan ya ƙoshi, kuma yana kwantar masa da hankali ƙwarai. Saboda haka kada ki ɗauka rigima ce ko sangarta. Abin da ya saba samun sauƙi da shi yake nema.

Akwai kuma wani abu game da barci da ya kamata ki sani. Babu wanda ke yin barci a miƙe tun daga dare har safe. Barci yana yin nauyi, ya yi sauƙi, ya sake yin nauyi, kuma a tsakani mutum yakan ɗan farka ba tare da ya sani ba. Yara ma haka suke, sukan ɗan farka sau da yawa a dare ɗaya. Idan yaro ya farka ya tarar da komai yadda ya bar shi, sai ya juya ya koma barci. Idan kuwa da roba ya kwanta, ya farka ya ji ta faɗi, sai ya fara kuka har a nemo masa. Ki tuna yadda wanda ya saba barci da fanka kan farka da zarar an ɗauke wuta. Wannan ne ya sa uwa kan tashi sau uku ko huɗu a dare tana lalube a cikin gidan sauro, ba don yaron na jin yunwa ba, sai don robar ta faɗi.

TANA DA AMFANI KUWA?

Tana da shi, amma na ɗan lokaci ne. A sashen jarirai bakwaini akan yi amfani da ita don koya wa jariri tsotso kafin ya iya kama nono. Haka kuma tun shekarar 2005 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ke ba da shawarar a ba jariri ita lokacin kwanciya, domin bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwar fuju'a da kan samu jarirai cikin barci. Sai dai wannan haɗari na shekarar farko ne, kuma mafi yawansa kafin wata 6 yake faruwa. Da zarar yaro ya cika shekara ɗaya, wannan amfani ya ƙare.

A ɓangaren shayarwa kuwa, a ƙa'idoji goma na shayar da nono da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka fitar a 1989, an hana ba jariri mai shan nono robar tsotso gaba ɗaya. A 2018 aka yi wa ƙa'idar gyara, aka ce ma'aikatan lafiya su yi wa uwa bayanin yadda ake amfani da ita da kuma illolinta. Abin da bai canza ba shi ne, nonon uwa zalla ake ba jariri har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Jaririn da ke samun nono duk lokacin da ya nema, ba dole ne ya buƙaci roba ba. Idan kuma za a ba shi, a bari sai shayarwa ta kankama, wato bayan kamar mako 3 zuwa 4 da haihuwa.

ILLOLIN DAƊEWA ANA TSOTSO

1. Haƙora da muƙamuƙi. Haƙorin farko kan fito a wajen wata 6, kuma kafin yaro ya cika shekara 3 yawanci haƙoransa na yarinta guda 20 sun gama fitowa. A daidai wannan lokaci ƙashin baki yana da taushi, yana bin siffar duk abin da ya daɗe a cikinsa. Roba tana tura haƙoran sama na gaba zuwa waje, tana hana na sama da na ƙasa haɗuwa, har ki ga ƙofa a tsakiya ko da yaro ya cije. Wannan ba wushirya ba ce. Takan kuma matse ganɗa, haƙoran gefe na sama su koma ciki. Ƙungiyar likitocin haƙoran yara ta Amurka ta yi bayanin cewa wannan canji kan iya farawa idan yaro ya wuce wata 18 yana tsotso, kuma ta ce a daina kafin shekara 3. Abin farin ciki shi ne, idan aka daina da wuri, ƙofar nan ta gaba takan rufe da kanta.

2. Ciwon kunne. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da cikin kunne. A jikin yara gajeriya ce, kuma kusan a kwance take. Yawan tsotso yana taimaka wa majina da ƙwayoyin cuta su bi ta wannan hanya su shiga kunne. An tabbatar yaran da ke amfani da roba sun fi yawan kamuwa da ciwon kunne. Ciwon kunnen da ke yawan dawowa kuwa, musamman mai fitar da ruwa ko mugunya, yana iya rage wa yaro ji.

3. Magana. Yaro yana koyon magana ne ta hanyar gwalantu da kwaikwayon manya. Bakin da roba ta toshe ba ya samun wannan dama, kuma wasu yaran kan saba magana da robar a baki, kalmominsu ba sa fita sosai. Wannan ya fi shafar yaron da ke yini da ita.

4. Gudawa da ƙurajen baki. Roba tana faɗuwa ƙasa, ƙuda na hawa kanta, yayyen yaro na ɗauka su sa a bakinsu. Sau da yawa goge ta kawai ake yi da bakin zani a mayar. Ta haka ƙwayoyin cutar gudawa ke shiga cikin yaro, sai a ce haƙori ne. Robar da ba a tafasawa kuma takan riƙe ƙwayar cutar da ke kawo farin ƙurajen nan na harshe da kumatu.

5. Rashin isasshen barci. Yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Mai shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Barcin da ake yankewa a kai a kai don neman roba ba ya wadatar da yaro, ke ma ba ya wadatar da ke.

YAUSHE YA KAMATA A RABA SU?

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne tsakanin wata 6 da shekara ɗaya, a riƙa ragewa a hankali. Idan yaronki ya wuce haka, kada ki damu kanki da cewa kin makara. Ki yi niyyar gamawa kafin ya cika shekara 2 idan zai yiwu, kuma lallai kada ya kai shekara 3 da ita.

Amma zaɓen lokaci yana da muhimmanci. Kada ki fara a waɗannan lokuta:

- Lokacin da yaro ba shi da lafiya, ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba.
- Lokacin yaye. Kada ki haɗa masa rashi biyu a lokaci ɗaya. Ki fara raba shi da roba, ki bari ya saba na wasu makonni, sannan a yi maganar nono.
- Lokacin da haihuwarki ta kusa, ko kin haihu ba da jimawa ba. Idan kina da ciki, ki gama wannan aiki wata biyu ko uku kafin haihuwa, domin kada ya ga an ƙwace masa an ba ƙaninsa.
- Lokacin tafiya, ko tashi daga gida, ko biki, ko makon da aka fara kai shi makarantar reno.

Ki nemi makonni biyu zuwa uku da gida yake a natse. Idan ke ma'aikaciya ce, ki sa daren farko ya faɗo a ƙarshen mako ko lokacin hutu.

MATAKAN DA ZA KI BI

Mataki na farko: Ki haɗa kan mutanen gida. Kafin ki taɓa robar, ki yi magana da maigida, da kakar yaro, da abokiyar zama idan akwai, da mai reno, har da yayyensa. Ki faɗa masu dalili da ranar da za a fara. Yawancin ƙoƙarin iyaye mata a nan yake rushewa: uwa ta hana, wani ya ji tausayi ya bayar a ɓoye, ko maigida ya ce a ba shi a samu a yi barci. Idan kaka ta ƙi yarda, ki nuna mata wannan takarda, ko ku zo tare ranar awo mu yi mata bayani.

Mataki na biyu: Ki cire ta da rana. A makon farko, roba ta zama ta kwanciya kaɗai. Da ya tashi da safe, ki ce masa robar za ta zauna a ɗaki, ku ajiye ta tare a wurin da idonsa ba zai riƙa kaiwa ba. Idan ya nema da rana, ki duba abin da ke damunsa: yunwa ce, ko ƙishirwa, ko gajiya, ko kuwa ke yake so? Ki ba shi ruwa a kofi, ko ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko gwanda, ko ki goya shi, ko ki fita da shi tsakar gida ya yi wasa. Idan zai yi maki magana da roba a baki, ki ce ya cire don ki ji abin da yake faɗa.

Mataki na uku: Ki kafa masa tsarin kwanciya. Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Tun yana da robar, ki fara yi masa abubuwa iri ɗaya, a jere ɗaya, a lokaci ɗaya kowane dare. Misali: cin abincin dare, wanka ko goge jiki, wanke baki, sa kayan barci, shiga gidan sauro, rage haske, sannan tatsuniya ɗaya ko waƙar reno ko addu'ar kwanciya, kina shafa bayansa. Duka kada ya wuce minti 20 zuwa 30. Bayan 'yan kwanaki jikinsa zai gane cewa idan an yi waɗannan, barci ne ke biye. Ki kashe talabijin, ki ajiye waya kamar awa ɗaya kafin kwanciya, domin haskensu da hayaniyarsu na kore barci.

Wajen wanke baki, ki yi amfani da ƙaramin buroshi mai taushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, ɗan kaɗan ake shafawa, kamar girman ƙwayar shinkafa.

Mataki na huɗu: Ki ba shi madadi. Yaron da ya wuce shekara ɗaya zai iya kwana da wani abu mai taushi da zai riƙe, kamar 'yartsanar ƙyalle ko ƙaramin tsohon ɗankwalinki mai tsabta wanda ke da ƙamshin jikinki. Ki tabbatar ba dogo ba ne da zai iya naɗe masa wuya, kuma babu maɓalli ko duwatsun ado da za su ɓalle ya haɗiye. Ki fara ba shi tun yana da robar don ya saba da su tare. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, ba a sa masa irin waɗannan abubuwa a shimfiɗa.

Mataki na biyar: Ki rage ta a barci. A mako na biyu, ki daina ba shi a barcin rana. Da dare kuma kada ki miƙa masa sai ya nema. Idan barci ya fara ɗaukarsa, ki zare ta a hankali kafin ya yi nisa, ki ci gaba da shafa shi. Idan ya farka cikin dare, ki fara gwada lallashi da murya da hannu kafin ki nemo roba.

Mataki na shida: Ki sanar da shi ranar rabuwa. Yaro ɗan shekara biyu yana gane magana fiye da yadda ake zato. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ki riƙa faɗa masa da fara'a cewa ya girma, ranar kaza za a yi sallama da roba. Idan ranar ta zo, ki bar shi da kansa ya sa ta a leda ko ya miƙa wa babansa. Ki yaba masa, ki ba shi wata 'yar kyauta kamar sabon kofi ko ƙwallo. Daga nan ki tattara duk robobin da ke gidan, har da ta cikin jaka da ta ɗakin kaka, ki fitar da su daga gidan gaba ɗaya. Robar da aka ɓoye a ƙasan akwati, ƙarfe biyun dare za a ɗauko ta.

Wasu iyaye kan tsallake mataki na biyar su cire ta lokaci ɗaya. Wannan ma hanya ce, kuma takan yi wa yaran da ragewa a hankali ke ƙara fusata su. Ke kika san halin ɗanki. Amma ko wace hanya kika bi, kada ki tsallake tsarin kwanciya da haɗa kan mutanen gida.

ABIN DA ZA KI GANI A DARAREN FARKO

Gara ki sani tun yanzu: zai yi kuka. Daren farko da na biyu zuwa na uku su ne masu wuya. Zai daɗe bai yi barci ba, zai farka ya nema, da rana ma zai iya yin 'yar rigima. Wannan kuka na rashin abin da aka saba ne, ba zai cutar da shi ba matuƙar kina kusa da shi. Ba a ce ki rufe shi a ɗaki ya yi ta kuka shi kaɗai ba. Ki zauna tare da shi, ki rungume shi, ki jijjiga shi, ko ki goya shi ki zaga. Ki riƙa maimaita magana ɗaya cikin sanyin murya, cewa roba ta tafi, Mama tana nan. Kada ki yi dogon bayani, kada ki kunna fitila mai haske, kada ki fara wasa da shi. Idan kin gaji, ki miƙa wa babansa ko wani babba ki ɗan huta.

Galibi kukan yana raguwa dare bayan dare, kuma yawancin yara sukan saba cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wani lokaci bayan an samu sauƙi sai rigimar ta dawo na dare ɗaya. Gwaji ne, ki daure. Babban kuskure shi ne a bar yaro ya yi kukan awa ɗaya sannan a ba shi robar. Abin da ya koya a nan shi ne, idan ya daɗe yana kuka zai samu, gobe kuwa sai ya ƙara tsawon kukan.

ABUBUWAN DA BA A YI

- Kada ki shafa wa robar barkono, ko maɗaci, ko wani abu mai ɗaci. Yana iya ƙona bakin yaro, ya shiga idonsa, kuma yana sa shi tsoron karɓar abu daga hannunki.
- Kada ki yanke kan robar ko ki huda ta. Guntunta na iya ɓallewa ya shaƙe yaro, kuma datti na taruwa a wurin da aka yanke.
- Kada ki maye gurbinta da bulumboti mai shayi, ko madara, ko lemo, ko kunu mai sukari. Zaƙin da ke kwana a baki shi ke cinye haƙoran gaba, su yi baƙi su rube. Yaron da ya shekara ɗaya da kofi ya kamata ya riƙa sha. Idan ya ji ƙishirwa da dare, ruwa zalla ya isa.
- Kada ki ba shi maganin mura, ko na tari, ko na ƙaiƙayi don ya yi barci. Wasu daga cikin waɗannan magunguna na iya danne numfashin ƙaramin yaro. Haka ma magungunan da ake kira na haƙori. A tuna cewa a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Nijeriya. Abin da ba ciwo ba, ba a ba shi magani.
- Kada ki doke shi, ko ki tsorata shi da dodo ko allura, ko ki bari yayyensa su riƙa yi masa dariya. Yaron da ke cikin tsoro ya fi neman abin tsotso.
- Kada ki miƙa masa waya don ya yi shiru. Kin cire sabo ɗaya ne kin dasa wanda ya fi shi wuyar cirewa.

KAFIN RANAR TA ZO

Muddin yaro na amfani da roba, ki kiyaye waɗannan: ki wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta kullum, kuma ki riƙa tafasa ta na minti 5. Kada ki tsotse ta da bakinki da sunan wankewa, domin ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori na iya tashi daga bakinki zuwa nasa. Kada ki tsoma ta a sukari ko zuma. Zuma ma ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Kada ki ɗaura mata zare ki rataya masa a wuya. Ki riƙa jan kan robar kina dubawa, idan ta tsage ko ta yi danƙo ki jefar.

WASU TAMBAYOYI DA AKE YI MANA

Idan ya koma tsotsar yatsa fa? Wasu yaran kan yi haka na ɗan lokaci. Kada ki yi masa faɗa ko ki ɗaure hannun. Ki ba shi abin riƙewa lokacin kwanciya, da rana kuma ki shagaltar da hannuwansa da wasa. Illar yatsa ga haƙora iri ɗaya ce da ta roba, don haka idan abin ya ci gaba har ya wuce shekara 3, a nuna wa likitan haƙori.

Yana shan nono har yanzu, ko zai ƙara maƙale mini? Zai iya ƙara neman nono na 'yan kwanaki, kuma babu laifi. Sai dai ki yi ƙoƙari ki shayar da shi kafin wanke baki da tatsuniya, domin kada nono ya zama shi kaɗai ne hanyar shiga barci.

In kai shi wurin kakarsa kamar yadda ake yi a yaye? Mun fi son ya zauna tare da ke. Rashin roba da rashin uwa a dare ɗaya sun yi wa ƙaramin yaro yawa.

Mun fara sai ya kamu da zazzaɓi, in mayar masa? Idan an riga an fitar da ita daga gida, kada a sayo wata. A kawo shi asibiti a duba shi, a ƙara masa lallashi da goyo. Idan kuwa kuna matakin ragewa ne, ku tsaya a inda kuke har ya warke, sannan ku ci gaba.

Ina da sabon jariri mai amfani da roba, babban yana ƙwacewa. Ki ajiye ta jaririn inda babban ba zai kai ba, kuma kada su yi tarayya a roba ɗaya. Ki ware wa babban ɗan lokaci nasa shi kaɗai kullum, ko da minti goma ne, domin sau da yawa kulawarki yake nema ba robar ba.

YAUSHE ZA KI KAWO SHI ASIBITI?

Ba kowane kukan dare ne na roba ba. Ki kawo yaro a duba shi idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Zazzaɓi, ko amai, ko gudawa, ko ƙin cin abinci. Idan gudawa ce, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida.
- Yana jan kunne yana kuka, ko ruwa na fita daga kunnen.
- Farin abu a harshe ko cikin kumatu wanda ba ya gogewa.
- Haƙoran gaba ba sa haɗuwa bayan wata 6 da daina tsotso, ko sun fara canza launi, ko sun yi rami.
- Yana minshari kullum, ko yana barci baki buɗe, ko numfashinsa na ɗan tsayawa cikin barci.
- Ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ya shekara 2 bai fara haɗa kalmomi biyu ba.
- An yi mako uku zuwa huɗu da rabuwa amma barcinsa bai daidaita ba.

Idan kuwa yaro ya shaƙe da guntun roba, ko numfashi na yi masa wuya, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a garzaya da shi sashen taimakon gaggawa na yara ko da tsakar dare ne.

KAMMALAWA

Uwargida, ki riƙe abubuwa huɗu: ki zaɓi lokacin da yaro ke da lafiya kuma gida yake a natse, ki haɗa kan mutanen gida, ki koya masa sabon tsarin kwanciya kafin ki ɗauke robar, sannan idan kin ɗauke kada ki mayar. Wahalar 'yan kwanaki ce, amma za ta kare masa haƙora da kunne, ku duka kuma ku samu barci mai daɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kina da wata tambaya, ki yi wa nas ko unguwarzoma magana a ranar awo ko ranar rigakafi, kada ki ji nauyi. Ki kuma karanta wa maƙwabciyarki wadda ba ta samu wannan takarda ba.

Allah ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya, amin.